Binance: Tarihi da Ayyukan Kasuwar Canjin Kuɗin Kirifto

Gabatarwa

Canji tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Falken Birnin Kebbi da zai tsallaka Nijar yakan tsaya a Kamba ya musanya naira da sefa, kamar yadda maniyyata suka saba neman riyal a Wapa ta Kano. Zamani kuma ya zo da wani canjin da ba shi da rumfa sai manhajar waya, wato kasuwar kirifto. Kirifto kuɗi ne da ake ajiyewa a intanet, ba gwamnati ke buga shi ba. Bitcoin, wanda ya fito a 2009, shi ne na farko.

Tarihi

Changpeng Zhao ne ya kafa Binance a ƙasar Sin a 2017, kuma cikin shekara guda ta zarce sauran kasuwannin kirifto na duniya yawan ciniki. A Fabrairun 2021 Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da irin waɗannan kamfanoni, ya janye hanin a Disambar 2023. Da darajar naira ta faɗi a farkon 2024, gwamnati ta zargi Binance da hannu a ciki. Gwamnan bankin, Olayemi Cardoso, ya bayyana cewa dala biliyan 26 sun ratsa ta kamfanin cikin shekara ɗaya. Aka tsare jami'ansa biyu a Abuja, a watan Maris kuma ya daina hulɗa da naira. Kafin nan, a Nuwambar 2023, ya amince ya biya Amurka tarar dala biliyan 4.3 saboda saɓa dokokin hana halatta kuɗin haram.

Ayyuka

Aikin irin wannan kasuwa bai wuce na dillali da ma'aji ba. Tana haɗa mai saye da mai sayarwa ta ɗauki la'ada, tana ajiye wa mutum kirifto, tana kuma aika shi zuwa wata ƙasa. Ba a buɗe wa kowa asusu sai an tantance shaidarsa.

Abin da ya fi karɓuwa a Nijeriya shi ne cinikin kai-tsaye tsakanin mutum biyu, domin da shi aka kauce wa hanin 2021. Kafin Binance ya daina hulɗa da naira a 2024, matashi a Badariya kan sayi USDT, wani kirifto mai bin darajar dala, daga wanda ke Legas ba tare da sun san juna ba. Kamfanin ne ke riƙe kayan amana. Sai mai sayarwa ya tabbatar naira ta shiga asusunsa na banki sannan a sakar wa mai saye.

Kammalawa

Wajibi ne ɗalibi ya fahimci cewa kasuwar kirifto ba banki ba ce. Inshorar da ke kare ajiyar banki a Nijeriya ba ta shafe ta ba, kuma rushewar kamfanin FTX a 2022 ta nuna yadda dukiyar jama'a kan maƙale dare ɗaya. A Agustan 2024 hukumar kula da hannayen jari ta ba Quidax da Busha amincewar farko, dokar zuba jari ta 2025 kuma ta sanya kirifto ƙarƙashin kulawarta. Don haka, kafin a danƙa wa dillali dukiya, a fara bincikar wace hukuma ce ke sa masa ido.