GIDA DA WAJE: WANI FIM NA BENGAL DA YA SHAFE MU A NASARAWA

Da wuya a sami gida a nan Nasarawa da ba a taɓa kallon fim ɗin Indiya a cikinsa ba. Iyayenmu sun kalla a siliman, mu muka kalla a kaset na bidiyo, yaranmu kuma suna kalla a waya. Amma kusan dukan waɗanda muka sani daga birnin Bombay suke, wanda yanzu ake kira Mumbai, masu rawa da waƙa cikin harshen Hindi. Akwai wani reshe dabam a gabashin Indiya, a birnin Kalkata, inda ake yin fim da harshen Bengali. A wannan shekara muna so mu gabatar wa ɗalibai da iyaye ɗaya daga cikinsu, mai suna Ghare Baire, wato Gida Da Waje.

Wanda ya shirya fim ɗin shi ne Satyajit Ray. An haife shi a Kalkata a 1921, ya fara suna a duniya da fim ɗinsa na farko, Pather Panchali, a 1955, ya rasu a 1992 bayan an ba shi lambar girmamawa ta Oscar. Ghare Baire ya fito a 1984. Ciwon zuciya ya kama Ray ana cikin aikin, sai ɗansa ya taimaka aka ƙarasa. Labarin kuwa daga littafin Rabindranath Tagore aka ɗauko shi, wanda aka buga a 1916. Tagore shi ne mutumin Asiya na farko da ya sami kyautar Nobel ta adabi, a 1913.

Kafin mu shiga labarin, sai mu san abin da ke faruwa a ƙasar a lokacin. A 1905 Babban Gwamnan Ingila a Indiya, Lord Curzon, ya raba lardin Bengal gida biyu. Gabas ta zama mai rinjayen Musulmi, yamma mai rinjayen mabiya addinin Hindu. Turawa suka ce don sauƙin mulki ne. Mutanen Bengal da yawa suka ce a'a, dabara ce ta raba kansu don a ji daɗin mulkarsu. Daga nan aka ta da wani yunƙuri mai suna Swadeshi, ma'anarsa "na ƙasarmu". Aka ce kada kowa ya sayi kayan Ingila, musamman yadi da gishiri da sukari. Aka riƙa tara tufafin waje a dandali ana cinna musu wuta. Tagore kansa yana cikin yunƙurin da farko, har ya tsara masa waƙoƙi, amma daga baya ya janye da ya ga inda abin ya nufa.

Mutum uku ne ke ɗauke da labarin. Na farko Nikhil, mai ƙasa ne mai arziki, mai ilimi da sanyin hali. Ta biyu matarsa Bimala, wadda ke zaune a kulle tun da aka kawo ta gidan. Nikhil ya ɗauko mata malama Baturiya, ya kuma matsa mata ta fito ta ga duniya, domin yana so idan za ta ƙaunace shi, ta ƙaunace shi bisa zaɓin kanta. Na uku Sandip, abokin Nikhil tun suna makaranta, jagoran Swadeshi mai zaƙin baki, wanda ya sauka a gidan a matsayin baƙo.

Bimala ta fara jin jawabin Sandip daga bayan labule, maganarsa ta shiga ranta. Shi kuma ya riƙa zuga ta, yana ce mata ita ce siffar uwa ƙasa. Sannu a hankali ƙaunar ƙasa da ƙaunar mutumin suka cakuɗe a zuciyarta har ta kasa rarrabe su. Ta kai ga ɗaukar kuɗin zinariya daga ma'ajin mijinta ta ba shi.

Gardamar da ke tsakanin abokan biyu ita ce zuciyar fim ɗin. Sandip yana so Nikhil ya hana sayar da kayan waje a kasuwar da ke cikin ƙasarsa. Nikhil ya ƙi. Ba don ba ya kishin ƙasa ba, gama shi ma ya taɓa zuba dukiyarsa a sana'o'in gida tun kafin abin ya zama yayi. Dalilinsa shi ne, yawancin masu kasa kaya a kasuwar talakawa ne Musulmi, kayan waje sun fi araha, na gida kuwa suna da tsada kuma ba su wadata ba. Mai kuɗi zai iya ƙona rigarsa ya ɗinka wata, amma wanda jarinsa duka bai wuce ɗaurin yadi guda ba, in an ƙona masa, da me zai ci da iyalinsa? Sandip bai saurara ba. Ya tura 'yan makaranta suka ƙwace kaya suka ƙona, aka nutsar da kwalekwalen wani ɗan kasuwa. Shi kuwa jagoran, Ray ya nuna mana bai iya barin sigarin Turawa ba.

Abin da Nikhil ya ji tsoro shi ne ya faru. Rikicin ciniki ya juye ya zama rikicin addini, wuta ta tashi tsakanin Hindu da Musulmi. Sandip, wanda ya hura ta, ya tattara kayansa ya gudu. Nikhil, wanda aka yi ta kira maci amanar ƙasa, shi ne ya hau doki da dare ya nufi wurin tarzomar don ya raba. A littafin an dawo da shi da rauni a ka, ba a faɗi ƙarshensa ba. A fim ɗin kuwa mun ga Bimala ta koma cikin fararen tufafin gwauruwa. An soke rabon Bengal a 1911, amma tabon bai warke ba. A 1947 aka sake raba ta bisa addini, kuma sashen gabas shi ne ya zama ƙasar Bangaladash a 1971.

Mai karatu zai ce, ina ruwan Nasarawa da wannan? Ruwanmu biyu ne. Na farko yadi. Unguwarmu da maƙwabciyarta Kakuri sun girma ne a gindin masaƙu. An buɗe Kaduna Textiles a 1957, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, domin audugarmu ta zama yadi a nan gida maimakon a kai ta Ingila. Wasu masaƙu suka biyo baya, irin su Nortex da Arewa da UNTL. Dubban mutane daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, Kirista da Musulmi, sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa, jiniya guda ke tashinsu. Rashin wutar lantarki da tsufan injuna da yadin fasa-ƙwauri mai araha suka durƙusar da su. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Saboda haka mun san zafin da ke cikin kiran a sayi na gida, mun kuma san uwar da ke tsaye a kasuwa da kuɗin da ba zai kai ga na gidan ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma fim ɗin bai ɓoye ko ɗaya ba.

Na biyu kuwa ya fi ciwo. A 2000 da 2002 mun ga yadda maganganun manya suka zama wuta a titunan Kaduna. Maƙwabta da suka shekara ashirin suna aron gishiri a wurin juna suka kwashe kaya, waɗansu suka haye kogi zuwa arewa, waɗansu suka gangaro kudu. Waɗanda suka rasa rai da shaguna, yawancinsu talakawa ne da matasa, ba masu jawabi ba.

Ya ku ɗalibai, musamman 'yan aji shida masu fita, ku lura da cewa 'yan makaranta Sandip ya yi amfani da su. A cikin labarin akwai wani yaro mai suna Amulya, mai zuciya ɗaya, wanda ya ba da kansa duka, daga baya ya gane an yaudare shi. Za ku haɗu da masu zaƙin baki a jami'a, da wurin aiki, da lokacin zaɓe. Ba mu ce ku ƙi kishin ƙasa ba, gama ƙasar da 'ya'yanta ba sa kishinta ba ta ci gaba. Abin da muke roƙo shi ne ku yi wa kowane mai kira tambaya uku. Wa zai biya kuɗin wannan abu da kake kiranmu gare shi? Kai kanka kana yin abin da kake cewa mu yi? In wuta ta tashi, za mu same ka a nan?

Fim ɗin ba shi da rawa, tafiyarsa a hankali take, kuma sai an bi fassarar Turanci a ƙasan hoto. Duk da haka muna ba ƙungiyar wasan kwaikwayo da ta muhawara shawara su nemo shi su kalla tare, sa'an nan a raba aji biyu, waɗansu su kare Nikhil, waɗansu su kare Sandip, a kuma sami waɗanda za su yi magana a madadin mai kwalekwalen da aka nutsar.