Shekarar Ƙarshe a Sakandare da Hanyar Shiga Jami'a: Jagora ga Iyaye

Kasuwar Katako da ke garin Jos, cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, ta yi suna wajen cinikin katako da hatsi da tufafin gwanjo. Daga bakin kasuwar zuwa harabar Jami'ar Jos da ke kan hanyar Bauchi tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Wannan jami'a ta soma ne a matsayin reshen Jami'ar Ibadan cikin 1971, ta zama mai cin gashin kanta a 1975. Amma kusancin gida da jami'a ba ya ba yaro gurbin karatu. Akan sami yaro mai ƙoƙari ya yi asarar shekara guda cur sabo da kuskuren harafi ɗaya a cikin sunansa, ko sabo da darasin da bai zaɓa daidai ba. Abin da ke samun iyalan Katako da Laranto da Unguwar Rogo shi ne ke samun iyaye a ko'ina cikin Nijeriya, don haka ya kamata kowane uba da kowace uwa su san yadda hanyar take.

Jarrabawowin da ke gaban yaro

Yaron da ke aji uku na babbar sakandare yana da manyan jarrabawowi iri biyu a gabansa. Ta farko ita ce ta kammala sakandare. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, takan gudanar da tata wajen watannin Mayu da Yuni. Hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999, takan biyo baya wajen Yuni da Yuli. Akwai kuma ta NABTEB ga makarantun koyon sana'a, da ta NBAIS ga makarantun Larabci da addinin Musulunci. Abin da ake nema shi ne kiredit a darussa biyar da suka dace da fannin da yaro zai karanta, ciki har da Turanci, a zama ɗaya ko biyu. Lissafi kuwa wajibi ne ga mai neman kimiyya ko injiniya ko sha'anin kuɗi. Sakamako daga A1 zuwa C6 shi ake kira kiredit. D7 da E8 tsallakewa ce kawai, ba a lissafa su cikin biyar ɗin.

Ta biyu ita ce jarrabawar shiga manyan makarantu, watau UTME, wadda Hukumar JAMB ke shiryawa. An kafa hukumar a 1978, kuma tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake yin jarrabawar. Darussa huɗu ne, Turanci dole, sauran uku bisa ga fanni, jimlar maki 400. Akan buɗe rajista a farkon shekara, a zauna jarrabawar wajen Afrilu ko Mayu, watau kafin a ƙare ta WAEC. A 2025 kusan mutum miliyan biyu suka zauna ta. Yaron da bai taɓa riƙe kwamfuta ba sai ran jarrabawa yakan ɓata lokacinsa wajen laluben madannai. Ba a fafe gora ranar tafiya: lalle ne a kai shi ya saba da na'urar tun da sauran watanni, a kuma rubuta shi cikin jarrabawar gwaji da hukumar kan shirya.

Suna da ranar haihuwa

Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN. Sunan da ke jikin wannan lamba shi ne zai bi yaro har ya gama jami'a. Idan takardar haihuwa ta ce Muhammad, makaranta ta rubuta Mohammed, NIN kuma ta ɗauki sunan kaka a madadin na uba, to, an shuka rigimar da za ta tsiro ranar tantance takardu. Wajibi ne uba ya tara takardun nan tun farkon zangon karatu na ɗaya, ya jera su, ya duba suna da ranar haihuwa harafi bayan harafi, a gyara abin da ya saɓa kafin a buɗe rajista.

Haka kuma layin wayar da aka yi rajista da shi ya zama na yaron ne shi kaɗai, a adana shi kamar yadda ake adana takardar fili, domin ta nan saƙonnin hukuma za su riƙa zuwa. Kada a yi amfani da layin shago ko na mai shagon intanet. Rajistar kanta a cibiyoyin da hukumar ta amince da su kaɗai ake yin ta. A taron tsara ƙa'idojin ɗaukar ɗalibai na 2025 an tabbatar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, don haka babu amfani a yi ta tsallakar da yaro aji.

Zaɓen fanni

Kafinta ba ya sa zarto sai ya auna. Kowane fanni yana da darussan da ake buƙata, kuma JAMB tana wallafa jerinsu. Mai son likitanci zai ɗauki Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, karatunsa shekara shida. Mai son injiniya zai ɗauki Lissafi da Fiziks da Kemistiri, shekara biyar. Mai son aikin lauya yana buƙatar Adabin Turanci, shekara biyar, sa'an nan ya wuce makarantar horar da lauyoyi. Wanda ya haɗa darussan da ba su dace ba, ko ya ci maki 300 ba za a ɗauke shi a wannan fanni ba.

A nan ne iyaye da yawa kan yi wa 'ya'yansu illa da kyakkyawar niyya. Uba yakan kafe sai ɗansa ya zama likita, alhali sakamakon yaron na shekara biyu yana nuna ƙarfinsa ga tarihi da harsuna yake. Abin da ya dace shi ne a zauna mutum uku, uba ko uwa da yaro da malamin ajinsa, a duba takardun sakamako, a ji abin da yaron ke so, a faɗa masa gaskiyar abin da aljihun gida zai iya ɗauka. Yaron da aka yi shawara da shi ya fi jure wuyar karatu bisa ga wanda aka tilasta.

Zaman gida a wannan shekara

A Katako al'ada ce yaro ya taso daga makaranta ya wuce rumfar ubansa, ya taya lodi ko tsaron shago har magariba. 'Ya mace kuma tana gida da girki da wanki da renon ƙanne. Wannan tarbiyya ce mai kyau, amma a shekarar ƙarshe ya kamata a rage nauyin. A keɓe wa yaro sa'o'i biyu ko uku na bita kowace rana, a wuri mai haske, ba tare da aike ba. Masana lafiya sun ce matashi yana buƙatar barcin sa'a takwas zuwa goma. Kwana karatu da shan abin hana barci yana rage wa ƙwaƙwalwa riƙo. Wayar hannu kuwa a yi yarjejeniya a kanta: ta kwana a ɗakin iyaye.

Ɗan shekara 16 ko 17 ya wuce a bi da shi da tsawa kaɗai. Yawan gori da kwatanta shi da ɗan maƙwabci yana sa shi ɓoye damuwarsa. Idan aka ga yaro ya daina cin abinci, ko ya ƙaurace wa mutane, ko ya canja abokai farat ɗaya, a jawo shi a jiki a tambaye shi cikin natsuwa, in abin ya ci gaba a kai shi asibiti. Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin a 2018 sabo da yadda matasa suka faɗa shansa, kuma ƙwayoyi irin su tiramadol suna nan suna yawo. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, don haka uba ya san abokan ɗansa da sunayensu da gidajensu.

Game da 'ya'ya mata, idan maganar aure ta taso a wannan shekara, a bari yarinya ta gama jarrabawarta, kuma a sa ci gaban karatunta cikin abin da magabatan ɓangarorin biyu za su tsayar tun wajen neman aure. Asibitoci da makarantun ƙasar nan suna da matuƙar buƙatar mata likitoci da ungozomomi da malamai.

Satar jarrabawa da 'yan damfara

Akwai makarantun da ke karɓar kuɗi mai yawa da alkawarin rubuta wa yara amsa. Dokar Hana Maguɗin Jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara ko ɗauri ga mai yi da mai taimakawa. Hukumomin jarrabawa kuma sukan riƙe ko su soke sakamakon cibiya baki ɗaya, mai laifi da marar laifi. Ko da an tsira, yaron da aka saya wa kiredit yakan kasa tun a shekarar farko ta jami'a, a sallame shi bayan an kashe dukiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Haka nan duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya ƙara makin JAMB, ko ya sayo gurbi, ɗan damfara ne.

Yadda ake ba da gurbi

A 2025 mafi ƙarancin makin da aka amince da shi shi ne 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin aikin jinya, 100 ga kwalejojin kimiyya da fasaha da na horar da malamai. Wannan ƙasan ma'auni ne kawai. Kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, kuma fannoni irin su likitanci da lauya suna neman maki mai yawa ƙwarai. Bayan haka jami'a takan yi nata tantancewar, wadda ita ma sai an yi mata rajista cikin wa'adi. A jami'o'in tarayya akan raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani. Wannan ya sa zaɓen jami'ar da ke kusa da gida yakan ƙara wa yaro dama.

Tun 2017 duk wani gurbi na halal ta shafin JAMB mai suna CAPS yake bi. Dole yaro ya ɗora sakamakon sakandarensa a can, ya riƙa dubawa, in an ba shi gurbi ya danna amincewa kafin wa'adi ya cika. Wanda ya shiga makaranta ta bayan wannan hanya yakan gamu da cikas ranar da zai tafi bautar ƙasa.

Idan ba a dace ba

Rashin gurbi a shekarar farko abu ne da ke samun dubban ɗaruruwa. Wanda ya rasa kiredit ɗaya zai iya zama jarrabawar masu zaman kansu a ƙarshen shekara. Akwai shirin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi, wanda ke kai ɗalibi aji biyu na jami'a kai tsaye. A Jihar Filato akwai Jami'ar Jiha da ke Bokkos, wadda aka kafa a 2005, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Barikin Ladi, da Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a Jos, da kwalejojin kiwon lafiyar dabbobi a Vom. Mai difloma ko takardar NCE yana iya shiga jami'a daga baya. A watannin jira kuwa kada a bar yaro zaune. Ga kafintoci da teloli da masu gyaran waya a cikin kasuwa, ya koyi sana'ar da za ta riƙe shi ko a makaranta, musamman da yake yajin aiki kan tsayar da karatu, kamar na 2022 da ya ɗauki wata takwas.

Kuɗi

Kuɗin rajistar jarrabawowi, da na tantancewa, da na karɓar gurbi, da na makaranta da masauki, duk cikin watanni kaɗan suke faɗowa. Mai hikima yakan soma tari ko adashi tun yaro yana aji biyu. A watan Afrilu na 2024 aka sa hannu kan dokar ba ɗalibai rance, Asusun NELFUND ya soma aiki a watan Mayu na shekarar. Rancen ba shi da kuɗin ruwa. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantun gwamnati, ya kuma fara da ba ɗalibi Naira 20,000 a wata don ɗawainiya. Biya yana somawa shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Bashi ne, kuma ya kamata yaro ya san haka kafin ya nema.

Shekarar farko a jami'a

A jami'a babu mai buga ƙararrawa, babu mai bin yaro da bulala. Kafin ya tafi a koya masa girki da wanki da lissafin kuɗin wata. Uba ko wakilinsa ya je ya ga ɗakin da zai zauna da waɗanda za su zauna tare. Wanda zai zo Jos daga ƙasa mai zafi a haɗa shi da bargo da rigar sanyi, domin garin yana bisa tsauni kuma hunturunsa mai tsanani ne. A gargaɗe shi game da ƙungiyoyin asiri, a hore shi da riƙe ibadarsa da girmama addinin abokin zamansa. Jos gari ne da ya ɗanɗana ɗacin rikici, kuma ɗalibi mai hankali ba ya yaɗa jita-jita, ba ya shiga taron da bai san mafarinsa ba.

Makin shekarar farko yana shiga lissafin darajar digiri, kuma wuya ne a ɗaga shi in ya faɗi. Sabo da haka iyaye su nemi ganin sakamakon kowane zango, ko da ba su iya karanta shi ba, su sa wani amintacce ya fassara musu. A riƙa kiran yaro a waya a ranar da aka tsayar kowane mako, a tambayi lafiyarsa da abincinsa kafin a tambayi makinsa. Wanda ke zuwa jami'a daga gida kuma, kamar yawancin 'yan Katako, a ɗauke shi a matsayin ɗalibin da ke da aiki a gabansa, a sassauta masa zaman rumfa a lokacin jarrabawa, a kuma soma saka shi cikin shawarar gida kamar yadda ake yi wa babba.