Ilimin Taswirar Zamani da Manoman Kwadon

Kwadon gari ne da ke gabas da birnin Gombe, a kan hanyar Dadin Kowa, cikin Ƙaramar Hukumar Yamaltu/Deba. Ya shahara da noman rani, musamman na tumatir da albasa da tattasai. Sai dai gonakin ƙasar Gombe suna fuskantar barazana iri biyu: zaizayar ƙasa da kuma gine-ginen da ke ƙaruwa saboda bunƙasar birni. Ilimin taswirar zamani yana taimakawa wajen kare irin waɗannan gonaki.

Ga yadda ake aikin. Tauraron ɗan'adam yana ɗaukar hoton ƙasa daga sararin samaniya. Nijeriya ma ta mallaki nata na farko, wato NigeriaSat-1, a shekarar 2003. Masani yakan sa hoton bana da na shekaru goma da suka wuce a kwamfuta, ya kwatanta su. Ta haka yake gane inda kwari ya faɗaɗa, da inda gidaje suka cinye gonaki, da inda shuka ke jin ƙishirwa. Amma hoto kaɗai bai isa ba. Dole ne masanin ya je gona, ya ɗebi ƙasa don gwaji, ya kuma saurari manoma. Daga nan sai ya ba da shawara a kan inda ya kamata a dasa itatuwa ko a tare ruwa.

Ɗalibin da ke son zama masani a wannan fanni, sai ya dage da darussan labarin ƙasa da lissafi da aikin gona tun yana sakandare. Bayan haka zai iya neman gurbi a sashen labarin ƙasa na Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, ko na Jami'ar Tarayya ta Kashere, wadda aka kafa a 2011. Digiri na farko yakan ɗauki shekara huɗu. Mai son koyarwa a jami'a sai ya ƙara da digiri na biyu da na uku. Yakan fara a matsayin ƙaramin malami, kuma koyarwa da wallafa bincike ne ke kai shi matsayin farfesa.

Hanyar tana da tsawo, amma bukatar masana tana nan, domin gonar da zaizaya ta cinye ba ta dawowa da sauƙi.

Tambayoyi
1. Waɗanne matsaloli ne ke barazana ga gonakin Gombe?
2. Me ya sa hoto kaɗai bai isa ba?
3. Lissafa matakan zama farfesa.