Gwandu: Garin da duwatsu suka tsare kafin a gina masa ganuwa

A ƙasashen Turai, dubban mutane na biyan kuɗi duk shekara domin hawa tsaunuka su ga tsofaffin fadoji masu katangar dutse, irin na Edinbara a Birtaniya da Karkason a Faransa. Jihar Kebbi ma tana da irin nata, sai dai a Gwandu ba a kan dutse aka gina garin ba. A cikin kwari yake, duwatsu kuma suka kewaye shi.

Daga Kalgo, inda Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi take, tafiyar yini guda ta isa mutum ya je Gwandu ya dawo. Duka garuruwan biyu suna ƙarƙashin masarauta ɗaya, amma sau da yawa ɗalibin da ya karanta labarin Gwandu a aji kan kammala karatu bai taɓa taka garin ba.

Bayan Alwasa

A shekarar 1805 ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da jama'arsa suka sauka a Gwandu, bayan da ƙanensa Malam Abdullahi ya jagoranci cin Birnin Kebbi. A lokacin garin ƙaramin wuri ne, ba shi da ganuwa.

Kafin shekarar ta ƙare, Gobirawa da Kabawa da Abzinawa suka haɗa runduna. Aka gwabza a Alwasa, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, inda jama'ar Shehu suka sha mummunan kashi, har littattafan tarihi suka ruwaito cewa sun rasa mutum kimanin 1,000. Waɗanda suka tsira suka koma Gwandu, abokan gaba na biye da su.

Da garin ya faɗi a wannan makon, da wuya a ce an kafa Daular Sakkwato yadda aka san ta. Amma bayan kwanaki ana ɗauki-ba-daɗi, sai aka kori maharan. Yanayin wurin ya taimaka ƙwarai: hawa ne mai tsakuwa da duwatsu, inda doki da raƙumi ba sa sakewa, ɗan baka kuwa yana samun wurin fakewa.

Wannan ne abin da ya kamata baƙo ya fara dubawa. Idan ya hau ɗaya daga cikin tuddan da ke gefen gari, zai ga gidaje da gonaki a ƙasa kamar a cikin ƙwarya, ya kuma gane dalilin da ya sa mai hari sai ya sauko ta kan duwatsu kafin ya kai ga mutane.

Darasin Alwasa ne ya sa a shekarar 1806 Muhammadu Bello, ɗan Shehu, ya kewaye Gwandu da ganuwa.

Hubbare da littattafai

Abin da ya fi jawo baƙi a yau shi ne hubbaren Malam Abdullahi, wanda ya rasu a 1829. Tun a 1812 Shehu ya damƙa masa kula da yammacin daular, daga baya kuma ikon Gwandu ya kai har Nupe da Ilorin da wasu yankunan da yanzu suke cikin Nijar da Burkina Faso.

Malam Abdullahi ya bar littattafai masu yawa, ciki har da tafsirinsa Diya'ut Tawili da kuma Tazyinul Waraƙati, inda ya ba da labarin yaƙe-yaƙen da ya halarta.

Ilimin garin ya shahara har waje. A 1853, zamanin Sarki Halilu, Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya sauka a Gwandu, a nan ne kuma ya samu kwafin Tarihus Sudan, littafin tarihin Songhai da Tambutu, ya kwafi wasu sassansa ya aika Turai.

Sarauta ba ta daɗe a garin ba. Wajen 1860 sarki ya mayar da zamansa Ambursa, sannan a 1906 Turawan mulkin mallaka suka kai hedikwatar masarautar Birnin Kebbi. Sunan Gwandu ya tafi tare da sarki, garin kuma ya zauna da kaburbura da tarihi.

Surame, birnin Kanta

Wanda yake son ganin katangar dutse da idonsa sai ya ƙara gaba zuwa Surame, a ƙaramar hukumar Binji ta Jihar Sakkwato. Shi ne babban birnin Kebbi na farko, wanda Muhammadu Kanta ya gina a farkon ƙarni na 16, lokacin da ya ɓalle daga Songhai.

An watsar da Surame tun farkon ƙarni na 18, sarautar Kabawa ta koma Birnin Kebbi, daga baya Argungu. Duk da haka sassan katangarsa na nan tsaye a daji, saboda da dutse aka yi su. Gwamnati ta ayyana wurin a matsayin kayan tarihi na ƙasa a 1964, kuma tun 2007 yana cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su. Zuwa yanzu Sukur a Adamawa da kurmin Osun a Osogbo ne kaɗai suka samu shiga.

Saboda matsalar tsaro a yankin, mai niyyar zuwa Surame ya kamata ya fara tuntuɓar hukuma da masu sarautar wurin.

Abin da ake gudu

Ganuwar ƙasa ba ta jure sakaci. A da, talakawa kan fito bayan damina su yi mata yaɓe bisa umarnin sarki. Da aka daina, sai ruwan sama ya riƙa zaizaye ta, masu gini suna ɗibar ƙasarta, gonaki da gidaje suna hawa kanta. Hakan ya faru har a Kano da Katsina da Zariya, Gwandu ma ba ta tsira ba.

Dattawan da za su iya nuna inda ganuwa ta bi da inda kowace ƙofa take suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Aikin farko bai buƙatar kuɗi masu yawa: a zagaya da su, a naɗi bayaninsu, a zana taswira, a kafa alluna da Hausa da boko da ajami. Jami'ar da ke Kalgo da masarauta da ƙaramar hukumar Gwandu za su iya haɗa hannu a kan wannan, tun masu nuna hanyar suna raye.