Gaskiya ko Jita-jita: Me Ya Sa Motar Gudu Ke Kwantai a Fatakwal, Anacha da Inugu?

A majalisar 'yan canji ta Owerri Road a Inugu, ko bakin Hotel Presidential a Fatakwal, ko wajen 'yan Arewa na Bridge Head a Anacha, hirar mota ba ta yankewa. Mai shigo da mota dala yake nema, a hannunsu kuma take. Wanda buƙata ta taso masa yakan zo neman kuɗi ya bar motarsa jingina. Dillalan da ke sayen motocin hannu a Kudu suna haurawa da su Kano da Kaduna ma nan suke sauka. A cikin wannan hira akwai motar da zancenta ya fi cinikinta yawa: motar gudu, mai ƙofa biyu, wadda cikinta ke kusan shafar ƙasa, irin su Corvette da Nissan GT-R da Porsche 911. Sai guda ta shekara a filin sayar da motoci, kullum ana wanke ta, ba mai tayi. Abin da ake faɗa a kanta, wani gaskiya ne, wani rabin gaskiya, wani kuwa zaƙin bakin dillali ne kawai.

"A Turai rububinta ake yi, nan ne ba a san darajarta ba"

Jita-jita ce. Motar gudu takan yi kwantai har a ƙasar da aka ƙera ta. Dodge Viper ta ishe mu misali. Mota ce ta Amurka mai silinda goma da ƙarfin doki 640, wadda aka sake fito da ita a 2013 da kirari mai yawa. Ba a je ko'ina ba ta taru a hannun dillalai, har kamfanin ya dakatar da ƙera ta na wajen wata biyu a 2014. A watan Satumba na wannan shekarar ya zabge dala 15,000 daga farashinta. Ciniki ya ɗan motsa, amma a duk shekarun nan ba ta taɓa kai guda dubu a shekara ba a Amurka. A 2017 aka rufe masana'antarta ta Detroit. Ga rashin ciniki, ga sabuwar dokar jakar iska ta gefe wadda ƙirar motar ba ta iya ɗauka ba.

Honda, wadda muka sani da Hala da "End of Discussion", ita ma ta ɗanɗana. A 2016 ta fito da sabuwar NSX, wadda ake sayarwa da sunan Acura a Amurka, a kan dala 156,000. An sayar da 581 a can a 2017. Shekarar da ta biyo baya, 170 kacal. A 2022 aka daina ƙera ta. Ba wanda ya ce motar ba ta da kyau. Mai dala dubu ɗari da hamsin ne ya fi so a ga tambarin Porsche ko McLaren a ƙofar gidansa, ba na kamfanin da ke yin motar ma'aikata ba.

Ko manyan ma ba da motar gudu suke cin abinci ba. A 2023 Porsche ta sayar da motoci sama da dubu 320, amma 911 dubu 50 ce kawai a ciki. Cayenne da Macan, masu tsayi da ƙofa huɗu, kowacce ta haura dubu 87. Lamborghini ta sayar da sama da dubu goma a shekarar, fiye da rabi kuwa Urus ce, wato jif. Albarkacin kaza ne ƙadangare ke shan ruwan kasko.

"Garin nan akwai kuɗi, dole ta tafi"

Kuɗi kam akwai. Fatakwal garin mai ne, Anacha na da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma, Inugu kuma mazaunin manyan ƙasar Ibo ne tun zamanin da take hedikwatar Jihar Gabas. Sai dai duba abin da masu kuɗin ke hawa: G-Wagon, Lexus LX, Land Cruiser, Range Rover, ga Hilux ta 'yan rakiya a baya. Ba rashin sanin mota ba ne. Hanya ce ta zaɓa musu.

Tsakanin cikin motar gudu da ƙasa bai wuce santimita goma zuwa goma sha biyu ba. Na Hilux ya ninka haka har da ɗoriya. Wanda ya bi hanyar Inugu zuwa Anacha a shekarun da ta lalace, ko ya maƙale a Eleme kan hanyar Onne a tsakiyar tireloli, ko ya ga yadda ruwa ke kwanciya a titunan Fatakwal da damina, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Tudun rage gudu guda na cikin unguwa ya isa ya fasa bambar gaba. Inda hanyar ta yi kyau kuma, kamar sabuwar gadar Neja ta biyu da aka buɗe a 2023, doka ba ta yarda ƙaramar mota ta wuce kilomita ɗari a awa ba, ga shingayen jami'an tsaro. Mutum ya biya kuɗin kilomita ɗari uku, ya sha kashi ɗaya cikin uku.

Sannan ga mai. Injinan nan suna son fetur mai ƙarfi, mai lamba 95 zuwa 98, alhali na gidajen manmu iri ɗaya ne ga kowa, daga Keke Napep har Ferrari, kuma bai kai wannan lamba ba. Kwamfutar motar takan rage wa injin ƙarfi don ta kare shi, amma ba ta iya kare shi daga gurɓataccen mai irin wanda aka shigo da shi daga Beljiyam a farkon 2022. Kayan gyara ma haka. Je ka Ikoku a Fatakwal, ko Mgbuka Obosi a gefen Anacha, ko Coal Camp a Inugu: kayan Camry da Corolla da RX 350 a tsibi suke, kafin ka gama faɗa an miƙo maka. Ka nemi giyar GT-R ko birkin 911, sai a ce maka sai an yi oda, da dala, ka jira. Mai saye ya san duk wannan, shi ya sa tayinsa yake zuwa ƙasa.

"Alhaji, wannan ba ta faɗuwa, ajiya ce kamar fili"

Nan ne aka fi yi wa mutane rauni, don maganar tana da ƙanshin gaskiya. Akwai motocin da suka yi kwantai da farko, daga baya suka zama dukiya. McLaren F1 guda 106 kawai aka ƙera a shekarun 1990, ƙasa da yadda aka yi niyya, saboda masu saye sun yi ƙaranci. A 2021 an yi gwanjon guda a kan sama da dala miliyan 20. Lexus LFA guda 500 aka yi tsakanin 2010 da 2012 a kan dala 375,000, kuma har 2017 akwai sababbi goma sha biyu da ba a sayar ba a Amurka; yau takan ninka kuɗinta a gwanjo. Dillali ba zai rasa irin waɗannan labarai a aljihu ba.

Abin da ba zai ƙara da shi ba shi ne, waɗancan motoci a ƙirge suke, an san tarihin kowacce, an adana su a ɗaki mai sanyi, kusan ba a hawa. Wadda ke zuwa mana a kwantena ba ta cikinsu. Nissan ta ƙera GT-R samfurin R35 daga 2007 zuwa 2025, wajen guda dubu 48. Corvette da Mustang kuwa sai dai a yi maganar miliyoyi. Kasancewar ita kaɗai ce a Inugu bai sa ta zama ita kaɗai a duniya ba, kuma masu tara motoci na Landan da Dubai ba za su zo Trans-Amadi ta Fatakwal neman wadda ta sha rana da rami ba.

Akwai kuma ruɗin naira, wanda bai kamata a ce ya ci ɗan canji ba, amma yana ci. Mu ƙaddara mutum ya shigo da mota a farkon 2023, duka-duka ta tsaya masa dala 60,000, lokacin dala tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage. Naira miliyan 45 ke nan. Gwamnati ta saki naira a Yunin 2023. Zuwa ƙarshen 2024 dala tana wajen 1,600, sai wani ya taya motar miliyan 66. Mai ita ya sallama, yana murna ya ci miliyan 21. Ya koma teburinsa ya mayar da kuɗin dala, sai ya ga 41,250 a hannunsa. Da dalar ya riƙe, da miliyan 96 gare shi. Motar ba ta tashi ba, nairar ce ta sauka ta bar ta a sama.

Kuma tsayuwar ba kyauta ba ce. Batir ya mutu, taya ta tsufa ko ba a taka ta ba, robobin inji su bushe, laimar Fatakwal ta shiga wayoyi, ɓera ya ƙarasa. Kowace sabuwar shekara samfurin na ƙara tsufa a takarda. Ga ɗan kasuwar da ke juya haja kullum, malaman Malikiyya sun ce zai ƙiyasta kayansa duk shekara ya fitar da zakka, har da wanda ya yi kwantai. Ɗan kasuwarmu na Kudu, mai albasa ne ko mai shanu a kasuwar New Artisan ta Inugu ko mai canji, ƙarfinsa juyi ne: kuɗi su fita da safe su dawo da yamma. Miliyan 45 da ke juyawa sau da yawa a wata da riba 'yar kaɗan sun fi miliyan 45 da ke ƙarƙashin tamfol suna jiran babban kamu.

"To ka jira, in ta gaji da zama za a karyar"

Rabi da rabi. Kamfani kamar Dodge yana karya farashi domin masana'anta na ci gaba da zubo sababbi, dillalansa kuma bashin banki suke biya a kan kowace mota da ke tsaye. Mai mota guda a Anacha ba shi da wannan matsi. Lissafinsa shi ne nawa zai kashe ya kawo irinta yau, kuma wannan lissafi galibi sama yake yi. Don haka kana tayi yana cewa albarka, shekara ta zagayo yana albarka, har ya ƙara kuɗi a kan motar da ba wanda ya tambaya. Farashin da ke bakinsa fata ne. Farashin gaskiya sai ranar da aka sallama. Ranar kuwa takan zo ne kwatsam, in kaya sun iso tashar jiragen ruwa ta Onne ana neman kuɗin fitarwa, ko bashi ya kama wuya. A ranar, wanda ke da kuɗi a hannu shi ke yanka farashi, kuma yankan ba na wasa ba ne, tunda masu sayen ba su da yawa.

"Kwastan ne suka kashe kasuwar"

Suna da nasu kaso. Manufar motoci ta 2013 ta ɗora haraji kashi 35 da ƙarin wani kashi 35 a kan ƙananan motoci. Daga Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, 'yar Kwatano ta koma sai ta ɓarauniyar hanya. A 2022 aka fara ƙiyasta kuɗin mota da lambar jikinta, har masu fiton kaya suka yi yajin aiki a Legas. Mafi zafi, farashin dalar da kwastan ke lissafi da shi bai kai naira 500 ba a farkon 2023, amma ya haura 1,500 a Fabrairun 2024. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai wuƙar ɗaya ce ta yanki Corolla da Lexus, ga su nan kuma ana saye ana sayarwa. Haraji ya sa motar gudu ta yi tsada. Ba shi ya hana ta masu so ba.

Saura maganar araha. In aka kawo maka irin wannan mota a kan kuɗin da ya yi daɗi fiye da kima, akwai dalili. Da yawa daga gwanjon motocin haɗari na Amurka suke fitowa, irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke zubar da wadda ta daku ko ta sha ambaliya. Motar gudu kuwa ba a hankali take yin haɗari ba. Mai gyaran jiki da mai fenti za su mayar da ita amarya, amma ƙashin da ya lanƙwashe da jakar iskar da aka cusa wa tsumma suna nan. Lambar jikin mota haruffa da lambobi 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Wanda ya sa ta a intanet yakan ga hotunan motar yadda take a ranar gwanjo. Wasu kuma daga Ingila ko Japan suke, masu sitiyari a dama. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun Afrilun 1972, doka kuma ba ta yarda da shigo da mai sitiyarin dama ba, don haka sai a juya shi a gareji. A Corolla ma juyin abin tsoro ne, balle a motar da aka auna sitiyarinta da birkinta don gudun kilomita ɗari uku. Mai saye na gaba, in ya san mota, tabarmar ƙafa zai fara ɗagawa ya duba walda kafin ya tambayi kuɗi.