Lafiyar Hanji, Garkuwar Manomi

 Kowa ya san asarar da zawo yake jawowa da damina. Idan ya kwantar da maigida kwana biyar a lokacin noman fari, ciyawa ta ci gona. Idan kuwa yaro ƙarami ya kama, yana iya ɗauke shi cikin kwana biyu. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. To, babban rabo na lafiyar nan a cikin hanji yake.

Yadda hanji yake aiki

Abinci yakan bar tumbi ya shiga ƙaramin hanji, wanda tsawonsa ya kai wajen mita 6. Nan ne jiki yake tsotse amfanin abinci. Sauran ya wuce babban hanji, mai tsawon mita ɗaya da rabi, inda jiki yake janye ruwa kafin a yi bayan gida.

Duk abin da muka ci ko muka sha sai ya bi ta nan, har da ƙwayoyin cuta. Saboda haka Allah ya ajiye babban kaso na garkuwar jiki a bangon hanji, kamar masu gadi a ƙofar gari. Akwai kuma ƙananan halittu masu amfani a babban hanji, ba su ƙirguwa, ido ba ya ganinsu. Suna cin dusa da zaren ganye waɗanda mu ba mu iya narkarwa. Daga nan su fitar da abin da yake ciyar da bangon hanji, su kuma hana mugayen ƙwayoyi samun wurin zama. Yaron da yake yawan zawo bangon hanjinsa yakan lalace, abinci ba ya kama shi, ya rame, kowace cuta ta same shi da sauƙi.

Abincin da hanji yake so

A 1971 wani likita mai suna Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Uganda, ya nuna cewa ciwon dajin babban hanji ya yi yawa a Turai da Amurka, amma kaɗan ne a ƙauyukan Afirka. Ya ce wani babban dalili shi ne mutanen karkara suna cin hatsi da dusarsa. Binciken da aka yi daga baya ya goyi bayansa a kan amfanin dusa.

Abin nan duk muna nomawa. Gero, dawa, wake, zogale, rama, kuɓewa da kuka duk suna da shi. Albasa da tafarnuwa da fadamar Rima ta yi suna da su abinci ne mai kyau ga halittun nan masu amfani. Kada mu kai duka kasuwa mu dawo da burodi da taliya kaɗai. Mata kuma kada su matsa surfe har hatsi ya yi fari tas. Nono ma yana da kyau, muddin an tafasa madarar kafin a bar ta ta yi tsami.

Abin da yake ɓata hanji

Na fari shi ne ruwa marar tsabta. An gama madatsar Goronyo a 1984, ta kawo albarkar noman rani. Amma ruwan gulbi da na magudanar gona ba na sha ba ne sai an tafasa, gama ruwan sama yana wanko bayan gida daga jeji ya zuba a ciki. Ta haka kwalara take yaɗuwa. A 2021 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka mutu, Jihar Sakkwato kuwa tana cikin inda ta fi tsanani.

Na biyu, tsutsar ciki. Wata tana shiga ta abinci da hannu mai datti, wata ta tafin ƙafar mai yawo ba takalmi, ta riƙa shan jininsa.

Na uku, shan magani barkatai. Kafso na tallan kasuwa yana kashe halittu masu amfani tare da mugaye. Yawan wankin ciki da filasko ko kanwa kuma ba ya fitar da wata dauɗa, sai dai ya zubar da ruwan jiki. Hanji mai lafiya yana share kansa.

Idan zawo ya kama

Rashin ruwa ne yake kisa. Ku karɓi ƙunshin gishiri da sukari a asibiti, ku dama yadda aka rubuta. In babu, ku sa sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokali, a ruwa tafasasshe lita 1. A riƙa ba mai ciwo kaɗan kaɗan. Yaro ya sha ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. Kada a hana shi mama ko abinci. In ido ya faɗa, ko ya kasa sha, ko akwai jini a bayan gida, ku kai shi asibiti nan da nan.

Babba kuma da yake ganin jini, ko yana rama ba dalili, kada ya ce basir ne kawai. Ya je a duba shi, ko da sai an tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Aikin ƙungiya

1. Kowane gida ya haƙa masai nesa da rijiya, ya sa murfi. Ku karanta Maimaitawar Shari'a 23:12-13 a taronku, ku ga umarnin da aka ba Isra'ilawa a kan binne bayan gida.
2. A ɗaure bakin rijiya, a rataye guga, kada a yar da shi ƙasa.
3. A wanke hannu da sabulu, ko toka in babu, bayan an zaga da kuma kafin cin abinci.
4. Jariri ya sha mama zalla wata 6. A kai shi rigakafi, gama tun 2022 an ƙara na wani mugun zawon jarirai.
5. Yara su karɓi maganin tsutsa duk lokacin da ake rabawa.

Gulbi ɗaya muke sha da maƙwabtanmu, saboda haka ku gaya musu abin da kuka koya. Ubangiji ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Amin.