Yaya ake ɗaukar naƙasassu cikin binciken tsangwama?

Binciken tsangwama nazari ne da masana halayyar ɗan'adam ke yi kan yadda ƙyama da wariya ke taɓa zuciyar mai naƙasa. Ana samo mahalarta ta asibitoci, ƙungiyoyi, ko shugabanninsu irin su sarkin makafi.

Babban sharaɗi, wanda Sanarwar Helsinki ta 1964 ta jaddada a binciken lafiya, shi ne yardar mutum bayan ya fahimci abin da za a yi. Makaho a karanta masa takardar, kurma a samo masa tafintan maganar hannu. Yardar sarki ko ɗan jagora ba ta wadatar ba, domin wani kan amsa ne don kunyarsu ko don kuɗin motar da za a ba shi kawai.

Mahalarci yana da ikon janyewa kowane lokaci.